Igiyar Duba-gari Ta Ci Majemar Kaka

Unguwar Majema, ƙasar Kurawa,
Sabon Birnin Gobir.
Laraba, cikin watan Safar.

Zuwa ga taubashiyata Mas'uda ɗiyar Goggo Hajo, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da so da begen ganinki, ina roƙon Allah ya sa takardar ga ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Is'haƙa da ɗiyanku baki ɗaya. Allah ya tsare ku a baƙon wuri, ya buɗa wa maigidan kasuwar albasarshi, ya raya yaran bisa tafarkin Annabi. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, an fara yankan gero a gonakin bakin gari, na nesa kuwa sai dai mu hango su daga tudu saboda mutanen daji. Baba da Inna suna lafiya. Ƙanwata Sadiƙa ta sauka, an samu namiji, kuma duk wanda ya gan shi sai ya ce hancinki ne, Allah dai ya ba yaron haƙuri.

Na san Hamza direban albasa ya kai miki labarin rasuwar Kaka Kande. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya sa kabarinta ya zama dausayi, ya ba mu haƙurin rashinta, ke da kike nesa ya ninka miki. Tun da aka katse layin waya a ƙasarmu ba mu da hanyar jin juna sai ta hannun direba, shi ya sa na ɗauko alƙalami da tawada kamar mai shirin rubuta allo. Idan zaman kudu ya mantar da ke ajamin da muka koya tare, ki ba maigidan ya karanta miki. Da lokacin daɗi ne, baiwata, da na fara da tambayar ko har yanzu kina duba kwallarki kafin ki sa hannu, tun ranar da na aje miki ƙadangare a ciki. Amma kwanakin ga wasa yakan zo mini har baki ya koma. Hamza ya gaya miki ta rasu, bai gaya miki yadda aka yi ba, ga shi kuma akwai abin da za ni roƙe ki wanda ba ki iya fahimta sai kin ji komai daga tushe.

Kin tuna Rijiyar Marke da duk gari ke sha, kin kuma tuna majemar Kaka Labbo a bayan gidanmu, da matacciyar rijiyar da ke tsakaninsu, wadda ta ƙafe tun ba a haife mu ba. Sanda kike nan, ruwan da muka gama jiƙa fatu a ciki, na toka da na kashin kaji da duk tarkacen da kartaji ke kankarowa daga jikin fata, a lungu muke watsa shi. Lungun kuwa shi ne hanyar masallaci. Liman ya sha yin magana cewa mutum ya yi alwala ya fito sai ya taka ƙazanta. Da mutanen ƙauyuka suka gudo suka cika unguwar, sai ga ɗiyansu ba takalmi suna wasa cikin kwatar. Abin ya dami Tsoho, wato Kaka Labbo. Wata safiya ya ce daga yau kada a ƙara zubar da ko ludayi ɗaya a lungu, ga rami Allah ya ba mu a banza, a riƙa juyewa cikin matacciyar rijiya a rufe da faifan kara. Mas'uda, ba wanda bai yaba mishi ba. Lungu ya bushe, ƙuda suka ragu, Liman ya sa mishi albarka a gaban sahu. Kaka Kande ma ranar sai da ta ƙara mishi nono a fura, ina kallo, ni ko aka ba ni tsararo.

Da ruwa ya sauka bana, ruwan Rijiyar Marke ya fara sauya launi, ja-ja haka, da ɗan bauri a harshe. Muka ce ai damina ce. Ni kuma kin san bakina. Na ce wa Kaka Kande garinmu ya ci gaba, rijiya ta fara ba da shayi, sukari kawai ya rage. Na ce ta dage da sha, fatarta za ta jemu ta yi laushi kamar ta amarya, in ƙwace ta daga hannun tsohon ga mai warin bagaruwa. Ta biyo ni da muciya har zaure tana cewa miji ba ko akuya, ba ko goron gaisuwa, shi ne zai raba ta da Sarkin Jima. Ta dawo ta tace ruwan da farin ƙyalle, ta jefa alif a randa, ta ce ai ga shi ya yi garau. Haka kowa ke yi.

Sai amai da gudawa suka shigo. Suka fara da ɗiyan 'yan gudun hijira, suka haura zuwa tsofaffi. Kin san Kaka ba ta iya jin kukan yaro ta zauna. Gida-gida take bi da ruwan gishiri da sukari, ruwan kuwa daga randarta. Ranar da ta kwanta, da safe ta share tsakar gida da kanta, kafin azahar idanunta sun faɗa. Babur an hana hawa, mota ba ta shigowa sai jefi-jefi, sai amalanken Ubaidullahi Bafillace muka samu muka ɗora ta muka nufi asibitin Sabon Birni. Ni ke riƙe da kanta a cinyata, Tsoho na tafe a ƙasa yana riƙe da gefen amalanke, ya ƙi hawa. Mun wuce fadama kaɗan ta buɗe ido ta dube ni. Muryarta ta yi siririya, sai da na sunkuya. Ta ce in gaya wa Tsoho shi ya ci, ni na faɗi, tun da har yau ban kai ko goro ba. Na yi dariya don ta gani. Ta yi kalmar shahada, ba ta ƙara magana ba. Muka juyo da shanun.

Bayan addu'ar bakwai, ma'aikata suka zo daga ƙaramar hukuma, duba-gari ɗaya da wata ma'aikaciyar lafiya da ake kira Malama Bara'atu. Suka zagaya gari suna leƙa salga da juji da turken dabbobi, har suka iso majema, duba-gari ya ɗaga faifan da ke bakin matacciyar rijiya ya yi baya yana toshe hanci. Malama Bara'atu ta nemi izinin Tsoho cikin ladabi, ta kwance wani ƙulli na koren gari ta dama ta juye a ciki, ta ce a riƙa lura da ruwan Rijiyar Marke. Tsoho ya ce ta zuba duk abin da take so, ubanshi ne ya haƙa rijiyoyin biyu, akwai marmara tsakaninsu wadda ko sungumi ba ya ci. Ni ma na sa baki, na ce idan ruwa ya koma kore mun huta sayen kuka.

Bayan 'yan kwanaki mata suka fara ƙus-ƙus a bakin rijiya. Tsoho ya ji, ya tashi ya tafi da kanshi, ya karɓi guga a hannun wata yarinya ya jefa. Ya jawo ya zuba a farin kwano. Ina tsaye kusa da shi. Ba kore shar ba ne, ɗan tsanwa ne kamar an wanke ganye a ciki, amma ko makaho aka gaya wa zai yarda. Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya aje shi a hankali ya juya gida, ya bar takalminshi a gindin marke, ni na ɗauko. Malama Bara'atu ta biyo shi har zaure ta durƙusa. Ta ce kada ya ɗora wa kanshi, ba shi kaɗai ba ne, ga salgar da baƙi suka haƙa birjik kusa da rijiya don ba su da wani wuri, ga turken shanu, ga juji, kuma ita a ganinta cutar ta fi kama da ta salga, ba mai iya rantsuwa ya ce daga wuri kaza ta fito. Ya bar ta ta gama. Abu ɗaya ya tambaye ta, ko abin da ake zubawa a matacciyar rijiya yana isa randar ɗakin Kande. Ta ce yana isa. Ya ce to ya ji, Allah ya yi mata albarka.

Washegari mai shela ya zagaya, aka taru gaban Maigari. Aka ɗaura doguwar igiya a bakin Rijiyar Marke, duba-gari ya riƙe ɗaya bakin ya ja ta ta miƙe, ya fara kewayawa, ana bin shi ana kafa turaku masu jan fenti. Aka ce duk abin da ya faɗo cikin da'irar ga, ƙasar rijiya ce: ba salga, ba juji, ba ɗaure dabba, ba ramin jima, ba juye baƙin mai, kuma ko gidanka ne sai ka bi. Ta gefen tudu, inda ruwan ƙasa ke gangarowa zuwa rijiya, aka ƙara wa igiyar tsawo. An sha hayaniya. Ubaidullahi ya ce idan ya fitar da shanunshi bayan gari ai kyauta ya kai wa ɓarayi, daga baya Maigari ya ba shi kangon bayan kasuwa. Wata bazawara daga cikin baƙi ta zauna a ƙasa tana kuka, ta ce an kore ta daga garinsu, yanzu ko wurin kama ruwa an hana ta. Samari muka haɗu muka haƙa musu wata can gangare. Ni dai idona na kan igiya. Ta haye katangarmu, ta share majema, duba-gari ya kafa jan turke daidai bayan babbar kwatarniya. Kaɗan ya rage ta tsira, Mas'uda, kaɗan.

Ke mace ce ba a barin ki taɓa ta, amma kin san babbar kwatarniyar ga da aka binne har wuya, wadda tsimin bagaruwar cikinta ba a taɓa kwashe shi duka ba. A ɗiba a ƙara, a ɗiba a ƙara. Tsoho yakan ce a gora kakanninmu suka ɗauko asalinshi sanda suka baro Alkalawa, kuma duk sabon ramin da aka buɗe a zuriyarmu da ludayi ɗaya na wanga tsimi ake fara shi. Ko haka ne ko ba haka ba, Allah ya sani. Abin da na gani da idona shi ne dukawan garin Isa sukan shinshina fata a kasuwa su ce wagga ta gidan Labbo ce. To da rana ta take kowa ya shige inuwa, sai na lallaɓa na tuge turken na matso da shi ciki, kwatarniya ta koma waje. Na share sawuna da reshe, na yi zaton na yi dabara. La'asar na yi Tsoho ya fito ya tsaya yana duban wurin. Ya sunkuya ya tuge turken ya mai da shi raminshi na farko, ya ɗauki dutse ya buga shi har sai da ya nutse rabi. Na so ya zage ni, wallahi na so ya ɗauko sanda kamar da. Cewa kawai ya yi ƙasar kabarin Kande ba ta bushe ba tukuna.

Shi da kanshi ya sa aka cike matacciyar rijiya da jar ƙasa aka daɓe. Ya ce a kwashe ruwan ramukan duka a kai can bayan tudu inda ma'aikata suka nuna, a cike ramukan, har da babbar kwatarniya. Baba ya roƙe shi a ɗebi ko gora ɗaya a aje, ko Allah zai kawo wani wuri. Ya ce a'a, jima ta ƙare a kanshi, abin da ya shiga randar matarshi ba ya bar wa jikoki gado. Tun ranar yake zaune a zaure. Fura sai Inna ta yi da gaske yake kurɓa biyu ya ture. Ba ya zuwa hira gindin marke. Na gwada duk tsokanar da na sani, na ce tun da amarya ta tafi ta bar mu sai mu yi sulhu mu nemi wata tare, ko kallona bai yi ba. Kin tuna hannuwanshi, baƙi-ja har guiwar hannu, da muke cewa ko Gulbin Rima ba ya wanke su. Shekaranjiya ina zuba mishi ruwan alwala na ga faratanshi sun fara fari. Ban taɓa ganin launin faratan Tsoho ba sai ranar. Na aje butar na fita bayan gida.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ke. Safiyar da za a cike kwatarniya, Tsoho ya tafi maƙabarta kamar yadda yake yi kullum. Na shiga ɗakin Kaka Kande na ɗauko tulunta, wanda take zuwa rijiya da shi, na cika shi da tsohon tsimi tun daga ƙasan kwatarniya inda ya fi kauri. Na ɗaure bakin da leda, na zaunar da shi cikin daro don kada ko ɗigo ya taɓa ƙasa, na tura shi bayan jeren kwallayenta. Ba mai shiga ɗakin tun rasuwarta. A duk sace-sacen da na yi a gidan ga, daga ƙwan zabbin Inna har tsiren da na ɗauke miki ranar salla, wanga ne kaɗai na yi ina kuka.

To ga roƙona. Gonar Goggo Hajo, Allah ya jiƙanta, wadda ta faɗo miki gado, tana kudu da gari, a gangare, ruwanta fadama yake bi ba rijiya ba. Da Malama Bara'atu ta dawo duba turaku na ja ta na nuna mata. Ta ce wurin ya yi, muddin aka shafe ramukan da siminti, aka kuma yi wa ruwan da aka gama aiki da shi nashi wuri shafaffe. Sauran filayenmu duk suna can bakin daji inda ba mai iya wuni ya dawo da tabbas. Gonarki kuwa ko kira aka yi daga gidan ƙarshe ana ji. Kusurwa ɗaya nike so, ta wajen tsamiya. Baba ya ce ba mai sa fartanya a wurin sai da bakinki, Maigari ma haka ya ce, kuma gaskiyarsu. Ba ni ɓoye miki komai: inda aka yi jima gero ba ya ƙara yin kirki, kuma wari ba ya tsayawa a kusurwa ɗaya. Na san kin taɓa cewa idan Allah ya maido ku gida a nan kike so ku yi gini, kusa da inda uwarki ta yi noma. Idan kin ce a'a, ba wanda zai ga laifinki, ni ma ba ni gani. Ki yi shawara da Malam Is'haƙa. Sai dai ki sani tsimi ba ya son zama ba aiki. Yana so a sa mishi fata, a ƙara mishi sabuwar bagaruwa. Na leƙa na ga ya fara yin yana a sama, ban kuma san iya kwanakin da zai jure a tulu ba.

Jiya da hantsi ina gyaran darni na ga Tsoho ya ɗaga labulen ɗakin Kaka ya shiga, karo na farko. Mutumin da ya yi shekaru hancinshi na cikin bagaruwa, leda ce za ta ɓoye mishi? Ya daɗe a ciki. Ya fito ya koma zaure. Na wuni ina jiran a kira ni a ce in je in zubar. Bayan la'asar na zo wucewa ta gabanshi ina sanɗa, sai ya yi magana, idonshi na kan tasbaha, kamar da bango yake. Ya ce ɓarawon da bai san kan abin da ya sata ba wahalar banza yake yi. Ya ce wane sakarai ne ke shaƙe bakin tsimi da leda, abu mai numfashi, faifai ake ɗora mishi, a kuma motsa shi da itace kowace safiya. Sannan ya ce in leƙa in gani ko Inna ta rage fura. Ya shanye ta tas, Mas'uda, har ya sa yatsa ya suɗe ƙwaryar. Bai ce in aje ba, bai ce in zubar ba. Ni ma ban gaya mishi zancen gonarki ba, don ba ni so in ɗaga mishi rai kan abin da ba nawa ba.

Hamza zai juyo da motar da zarar ya sauke kaya. Ko rubutu ba ki samu yi ba, ki gaya mishi da baki, e ko a'a, zai kawo mini. Idan kin ce e, na 'yanta ki har abada, shaidata Allah, daga ranar ni ne bawa ke ce uwargijiya, kuma ba ƙadangaren da zai ƙara kusantar kwallarki.

Baba da Inna suna gaishe ki suna yi miki ta'aziyya. Sadiƙa ta ce ki aiko wa mai hancinki riga. Lawwali da Abdurra'uf suna gaisuwa, Adda Habi ta ce har yanzu tana jiran hoton yaran. Ki gaishe mini da Malam Is'haƙa da kyau, ki shafa kan Basira da ƙanenta, ki ce kawunsu na ƙauye yana nan da ranshi. Ku riƙa tafasa ruwan da kuke sha, ko ya yi garau a ido. Ki sa Kaka Kande a addu'a, ki sa Tsoho, ki sa garinmu. Allah ya sada mu da alheri, ya sa mu ga juna ido da ido.

Wassalam. Ni ne taubashinki,
Hafizullahi,
mijin Kande da bai kai goro ba.